Ranar da Hoton Ya Fito Tas

Ƙarar kwanon ce ta fara gaya mini. Tun da na hau rufin nake bin layin ƙusa kamar yadda na ga yayana yana yi, kowane taku kwanon ya amsa da ƙarfi. Sai a wani taku ya amsa da murya mai laushi, irin ta busasshen ganye. Kafin in ɗage ƙafa, ƙafar ta riga ta wuce. Na nutse har gwiwa, hannuna riƙe da bututun ƙarfen da eriyarmu take kai, na kuwa janyo shi da duk nauyina. Wayar da aka ɗaure shi da ita ta tsinke. Ina kallo ya tafi a hankali kamar mai ruku'u, ya kwantar da kansa a kan wayoyin wutar da suka bi ta bayan gidanmu. Gindinsa kuma yana nan a kan kwanon da nake zaune a kai.

Babu wuta a lokacin, tun asuba suka ɗauke. Amma duk wanda yake zaune a layinmu na Unguwar Kanawa ya san cewa a kwanakin nan wajen azahar suke kawowa, wata rana ma kafin a tayar da salla. Na ɗaga kai na dubi rana. Ta kusa tsakiya.

Talabijin ne ya kai ni sama. Shekara da shekaru eriyarmu tana kan doguwar gora a tsakar gida. In hoto ya yi yayyafi sai yayana ya fita ya murza gorar, mu kuma daga falo muna ce masa ƙara, ƙara, koma baya kaɗan, har fuskar mai karanta labarai ta fito daga cikin yayyafin. Da aka zo da maganar komawa dijital, aka yi ta sanarwa cewa tsohon tsarin zai mutu, Mama ta je Babbar Kasuwa ta sayo dikoda. Wanda ya zo haɗawa ya ce gorar ta yi gajarta, benayen da aka gina kusa da mu sun tare hanya, sai ya kafa bututun ƙarfe a kan rufi. Ranar farko mun sha mamaki. Tashoshi sun ƙaru, hoto kuwa har zaren hular mai labarai kana iya gani. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ashe bawan Allahn nan yana da furfura.

Sai dai sabon abin bai san rabi da rabi ba. Ko ya ba ka duka, ko ya hana ka duka. Iska kaɗan ta taɓa eriya sai fuskar mutum ta tsaya cak, baki buɗe, ta farfashe gida-gida, daga nan sai baƙin allo.

Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye duniyarsa ta koma kujera ɗaya, da sanda, da wannan allon. Ruwan farko ya zo da iska ya karkatar da bututun, yayana kuma ya tafi bautar ƙasa, mai haɗawa kullum sai ya ce gobe. Kwana uku Baba yana zaune gaban baƙin allo. Da ya yi faɗa ma da sauƙi, amma shiru ya yi. Ran na uku Mama ta tafi barka Abakpa. Na tayar da janareta, na kunna masa talabijin, na ce zan duba waya, in hoto ya fito ya buga ƙofa da sanda sau uku. Ban ce masa rufi zan hau ba.

A layinmu ba a hawa rufi haka kawai. Gidajen a manne suke, daga saman ɗaya kana ganin tsakar gidan uku, don haka mai gyara yakan tsaya a waje ya ɗaga murya cewa za a hau sama, ya jira mata su kintsa. Ni ban yi ba. Me zan ce? Budurwa za ta hau sama? Da kafin la'asar labarin ya kai bakin titi. Na sa tsani ta bayan kicin na hau a sace, na bar takalmina a ƙasa don kar su yi ƙara. Na lissafa minti biyar ya ishe ni, ba wanda zai sani.

To, ga ni nan, ba wanda ya sani.

Na gwada zaro ƙafar. Kwanon ya tsage ne zuwa ƙasa, haƙoransa suna kallon ciki, shiga da sauƙi, fita kuma sai su kama nama. Na ja kaɗan, na ji wani abu mai ɗumi yana bin ƙaurina, na bari. Ɗaya ƙafar tana lanƙwashe a ƙarƙashina, tafukan hannuna a kan kwano, kwanon kuma ya fara ɗaukar zafi. Kimiyyar da na yi a sakandare ba ta da yawa, amma ta isa ta sanar da ni cewa ƙarfe ya taɓa waya, ƙarfe ya taɓa kwano, kwano ya taɓa ni.

Ina cikin haka na ji sanda a jikin ƙofar falo. Ɗaya, biyu, uku. Ta ramin da ƙafata ta yi, muryar mai labarai ta taso, a sarari, ba yankewa. Kwanciyar da eriyar ta yi a kan wayoyin ita ce daidai inda take so. Baba ya sake bugawa sau uku, wai in bar shi haka, ya yi.

Na kira shi. Janareta tana ƙarƙashin tagar falo, talabijin kuma a ƙure yake saboda kunnen Baba ya yi nauyi. Kuma ko ya ji, me zai yi? Na so in yi ihu unguwa ta ji, amma gaskiya sai da na daɗe ban yi ba. Har yau in na tuna ina jin haushin kaina. Mutuwa tana rataye a kaina, ni kuma ina tunanin zanina da ya tattare da ɗankwalina da ya zame, da waɗanda za su taru su gan ni a haka.

Daga inda nake ina hangen tsakar gidan maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Zamfara da muke kira Inna, mijinta direban babbar mota ne. A bakin ƙofar ɗakinta akwai kwan fitila da ba ta kashewa, don da shi take gane an kawo wuta. Idona ya maƙale a kan kwan nan. Na ce a raina in ya kama ba ma zan gani ba, amma na kasa kallon wani wuri.

Sai ga Inna ta fito da kwanon wanke-wanke, kai ba ɗankwali. Inuwata ta gani a ƙasa, ta ɗago.

"Ke ɗiyar ga, mi ya kai ki bisa? Ba sallama, ba sanarwa, ko an faɗa miki muna rabon nama?"

Na nuna mata da hannu. Ta bi hannun da ido har kan wayoyin, daga nan ta juya ta dubi kwan fitilarta. Ta ajiye kwanon a hankali. Ta ce kar in taɓa ƙarfen, kar in motsa, ta fizgi zanin da ke kan igiya ta yafa ta fita ba takalmi. Shekarun da muka yi da ita ban taɓa ganin ta yi gudu ba sai ranar.

Ba a daɗe ba lungun bayan gidanmu ya cika. Abin da nake tsoro ya faru, kuma ban damu ba ko kaɗan. Wani ya ce a kawo tsani a ciro ni, wani ya ce a samo gora a ture bututun. Mai gyaran wuta na bakin layi, wanda Inna ta janyo daga shagonsa, ya hana duka biyun. Ya ce yatsun eriyar sun sarƙe tsakanin waya biyu, in aka tura wayoyin za su iya tsinkewa su faɗo a kan rufin, kuma duk wanda ya taka kwanon nan ya zama na biyu. Hanya ɗaya ce, a cire fis a taransifoma, layin gaba ɗaya ya mutu. Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Na ɗauka minti biyu ne. Ashe kejin taransifomar a kulle yake saboda ɓarayi, makullin kuma yana wurin wani dattijo da ya riga ya tafi masallaci, sai da ya bi shi har can. Wannan daga baya na ji. A lokacin abin da na sani kawai shi ne ya tafi bai dawo ba.

Wani ya shiga gidanmu ya kashe janareta. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar ban tsoro. Na ji ana yi wa Baba bayani a falo, ƙasa-ƙasa. Sai na ji muryarsa ta taso ta cikin silin, a karkace kamar yadda ciwon ya mayar da ita. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata. Kina ji na?"

Na ce ina ji, Baba. Na ce ya yafe mini, ban gaya masa zan hau ba.

"Bar wannan. Me kike kallo?"

Na ce kwan fitilar Inna. Ya ce in daina, in dubi wani abu in gaya masa. Na ce ina ganin bishiyar mangwaron masallaci, da tankin ruwan gidan bene, da shanyar wasu mutane. Ya ce shanyar kala nawa ce. Haka ya yi ta tambayata ina ba shi amsa, shi da magana biyar a jere take gajiyar da shi. Da numfashinsa ya gaza sai ya koma Hasbunallahu, ina bin sa.

Inna ta dawo tsakar gidanta ta tsaya daidai ƙarƙashin kwan, ta rufe mini shi da jikinta. Ta ce in Allah ya sauko da ni lafiya sai ta zane ni da muciya, kuma ta fasa yi wa jikanta kamuna, don ba ta son matar da za ta riƙa leƙa maƙwabta ta sama. Mutanen lungu suka yi 'yar dariya. Ni ma na so in yi, amma hankalina yana kan kwanon da ya gasa mini tafin hannu.

Ladan ya kira salla.

Ban san yadda zan kwatanta wannan kiran ba. Kullum shi ne alamar in ɗora tukunya in sa waya a caji. Ranar kuwa kowace kalma sai na ji kamar da ita za a kawo. Wasu suka ja da baya daga jikin bango. Na ɗage hannuwana daga kan kwanon na rungume su a ƙirji, kamar hakan zai hana wani abu. Ƙafar da ke cikin ramin ta daina ciwo, ta zama kamar ba tawa ba. Har yanzu, in ina zaune aka kawo wuta firij ya yi wannan ƙaramin gurnani, ƙafar takan zabura da kanta. Baba ya lura, shi ya sa yake cewa a bar firij a kashe sai na fita daga ɗakin.

Ladan bai gama ba na ji injin niƙa na tsallaken titi, mai aiki da wuta, ya tashi. Wata mata a lungu ta yi salati. Na rufe ido. Na jira. Na ji Baba yana kiran Uwata, Uwata, na kasa amsawa don ban tabbata ina nan ba.

Ƙarar babur ce ta sa na buɗe ido. Inna ta matsa gefe, kwan fitilarta yana nan a mace. Mai gyaran wuta ya tsaya a lungu yana haki, rigarsa sharkaf da gumi, ya ɗaga hannu sama yadda zan gani. Wasu abubuwa uku ne farare a hannunsa, ba su fi girman sabulun wanki ba, ashe fis ɗin taransifomar ne.

"Ƙanwata, ga wutar layinku a hannuna. Sun kawo, amma ba inda za ta bi ta iso gare ki. Kin tsira. Zauna yadda kike, yanzu za mu yanke kwanon."

Ya sa aka jingina tsani, ya karɓi almakashin kwano, ya ɗora ƙafa a matakin farko. Sai ya tsaya, ya juya wajen gidajen, ya ɗaga murya ya ce mata a kintsa, za a hau sama.