Ranar da Aka Hana Baba Kuku Sauka

Shekara talatin da ɗaya Baba Kuku ya yi yana dafa wa ma'aikatan jiragen dakon kaya abinci. Ga faɗa kamar me! Taɓa masa wuƙa ka sha masifa. Amma ko teku ta haukace, ɗaure tukunya yake da waya ya ci gaba da girkinsa, bai yarda wani ya wuni da yunwa ba.

Da wani tsohon littafin shaidar ma'aikacin ruwa yake sauka gari a duk tashar da suka tsaya. Sai duniya ta koma sabon kati wanda na'ura ke karantawa. Gwamnatinsu ta sa hannu a yarjejeniya, aka yi tafi, shi ke nan. Sau huɗu yana zuwa ofis neman sabon katin, yana zama kan benci ɗaya ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa.

"Baba, injin bai iso ba tukuna," in ji akawu. "Je ka da littafinka, wa zai hana dattijo kamarka?"

Shi kuwa ya yarda, bawan Allah.

Autarsa tana aure a wata ƙasa, shekara tara rabonsa da ita, ga shi ta haihu. Da zai yi tafiyarsa ta ƙarshe kafin ritaya, ya roƙi kamfani a sa shi a jirgin da zai tsaya birninsu. Awa goma kacal za su yi.

Da hantsi jami'in tasha ya hau jirgi da na'urarsa. Kowa ya miƙa kati, ta yi ƙara, ya wuce. Baba Kuku ya miƙa littafi da hannu biyu. Jami'in ya juya shafi biyu ya mayar masa.

"Ka yi haƙuri, mun daina karɓar wannan."

"Ɗana, 'yata ce a bakin get. Ko minti goma ne."

"Ba laifinka ba ne, na ƙasarku ne. Amma ba za ka sauka ba."

'Yar tasa ita ma ba a bar ta ta shigo ba. Wallahi abin da ciwo. Mutumin da ko kyaftin ke shakkar bakinsa, ranar sai ya mayar da littafinsa aljihu ya juya.

Ya hau can saman jirgi ya kira ta a waya. Tsakaninsa da get, kwantenoni ne jibge hawa biyar.

"Baba, ga mu jikin shinge. Na ɗaga shi sama, ka gan shi?"

Ya ware ido iya ƙarfinsa. Ƙarfe kawai yake gani, ja da shuɗi.

"Na gan shi, Auta. Tubarkalla."

"To da wa ya yi kama? Kowa cewa yake kai ne."

Ya goge fuska da gefen riga.

"Ƙara ɗaga shi, uwata," ya ce. "Ban gama kallo ba."