Bakaniken Kaduna da Babur ɗin Ƙanƙara

Wata rana a arewacin Kanada, wani tsoho mai kamun kifi ya jawo babur ɗinsa na ƙanƙara zuwa gareji. Irin wanda ba shi da taya, sulɓi yake yi a kan dusar ƙanƙara.

Shokazoba ce ta mutu, wato ƙarfen nan mai shanye gargada. Man da ke cikinta duk ya tsiyaye.

Mai gareji ya ce sai an sayi sabuwa, kuma sai bayan wata guda za ta iso.

A garejin akwai Tanimu. Shekara ashirin ya yi yana gyaran babura a Kaduna, amma a can tsintsiya aka miƙa masa. Gwajin sati biyu aka ɗauke shi, in ba a gamsu ba ya kama gabansa.

Kun san halinmu, ba ma jefar da ƙarfe. Tanimu ya roƙa aka ba shi shokazobar, ya kwance ta, ya sauya roba, ya ɗura man inji kamar yadda ya saba a gida.

A cikin gareji ta yi lafiya lau.

Washegari sanyi ya daskarar da man kamar man kaɗanya. Shokazoba ta sandare, tsoho ya hau tudu ya wuntsila, kafaɗarsa ta gurɗe.

Wallahi da ni ne, kunya kaɗai ta isa ta kore ni daga garin.

Mai gareji ya ce, "Nan ba ƙasarku ba ce. Ajiye sifanar nan ka tafi."

Tanimu ya ce, "Laifina ne, na ɗauka. Amma sanyinku ne ban sani ba, ba aikina ba. Ba zan ajiye ba."

Ya je ya ba tsohon haƙuri. Ya dawo ya zuba mai iri huɗu a gwangwanaye, ya jera su cikin ƙanƙara. Uku suka kame, ɗaya ko gezau bai yi ba. Shi ya ɗura.

Kuma ya hana kowa hawa. Shi da bai taɓa tuƙa irin babur ɗin ba, ya hau ya nufi tudun da ya kayar da tsoho.

Ya haura, ya juyo, ya sake haurawa.

Sabuwar shokazobar ta iso bayan wata guda. Har yau tana cikin kwalinta, a saman teburin aikin Tanimu.

Darasi: In ka faɗi a baƙon wuri, amsa laifinka, ka koyi abin da ya kayar da kai. Amma kada ka yarda wani ya ƙwace maka sifana.

Tura wa duk wanda aka ce ya ajiye kayan aikinsa.