Injin Babanmu a Kan Buhunan Wake

Muna sallame sallar asuba muka bar Gidan Sori, mu huɗu a wata ƙaramar motar kaya da muka yi shata: ni, ƙanena, baffanmu da direba. A bayan motar kuwa injin tsohuwar kamiyon marigayi babanmu ne, babbar motar kaya, wadda ta shekara tara a ƙofar gida har kaji suka mai da ƙarƙashinta akurki. Garin Gazawa muka nufa, wajen wani tsohon makaniki, shi kaɗai ya rage a yankin nan da ya san cikin irin wannan inji. Ba son tsohon ƙarfe ya sa mu wannan wahala ba. Ƙanena ya iya tuƙi amma ba shi da mota, kuma ya ƙudura tafiya Aljeriya. Innarmu ta yi roƙo har ta gaji, ya ce in kamiyon nan ta tashi zai zauna.

Tsohon ya gaya mini a waya har sau biyu: a shimfiɗa tsofaffin tayoyi, a gitta katako biyu masu kauri, injin ya zauna a kansu, a ɗaure shi da sarƙa ta kusurwa huɗu. Duk na tanada. Amma ana gobe tafiya, mun rataye injin a reshen bedi, wato darbejiya, za mu sauke shi cikin mota, sai ga baffa da buhunan wakensa a amalanke. A wurinmu abin kunya ne mota ta bar gari bayan kaka da sauran fili a cikinta, ga shi wake ya fi daraja a Gazawa.

"Ku hidda itatuwan nan," in ji shi. "Mi ya hi wake laushi? Ko jariri ka aza bisa sai ya yi kwana."

Na buɗe baki, ya dube ni, na rufe. Ƙanen ubana ne, shi ya yanka ragon sunana, kuma karatuna na lakol, bokon nan, bai kai in musa masa a gaban jama'a ba. Aka jera buhuna, aka aza inji, aka ɗaure shi da igiya irin ɗaurin damin gero.

Tun a yashin da ke tsakaninmu da kwalta na gane mun yi ɓarna. Wake ba ya zama wuri ɗaya, kowace girgiza sai ya malala cikin buhu, injin ya ƙara nutsewa gefe guda, igiya ta saki. A Maraɗi muka ƙara ɗaurewa. A shingen bayan gari wani jandarma ya leƙa ya ce, "Wagga gawa ina za ku kai ta?" Kowa ya yi dariya ban da ni.

A Cadawa muka karya kumallo, ƙosan dala ashirin ashirin da shayi mai zaƙi kamar mai shayin ne ke noma rake. Mata suka kewaye mu da kwanonin aya. Ƙanena ya sayi kwano guda yana tauna yana ta tsari: zai fenta kamiyon kore, ya riƙa ɗaukar ayar nan zuwa bakin iyaka, ya yi aure baɗi. Rabon da in ji shi yana surutu haka tun babanmu na da rai. Wallahi kowace kalma tasa sai da ta sosa mini rai.

Mun wuce Agiye kaɗan direba ya kauce wa wani rami, ya taka birki saboda amalanken jaki. Muka ji ƙara a baya, irin wadda ba ta bukatar a waiwaya. Injin ya sulale ya daki ƙarfen gefen mota ya kwanta a haƙarƙarinsa. Buhu biyu suka fashe, wake ya watsu a kwalta, awaki suka taho walima. Baffa na tsintar wake yana salati, ƙanena kuwa ya tsaya ya kasa ko taɓa injin. Sai da manoma shida suka kama mana muka tayar da shi.

Da azahar muka isa Gazawa. Tsohon na zaune ƙarƙashin rumfar kwano, idanunsa sun yi rauni, da yatsu yake dubawa. Ya shafa gangar jikin injin a hankali, ya zuba ɗan mai ya goge. Sai ga tsaga ta fito, baƙa siririya, tun daga sama har ƙasa.

"Ciwon da kuka kawo shi dominsa, aikin kwana ukku ne," in ji shi. "Wanga da kuka yi mashi a hanya ba ya da magani. Ƙarhen nan ba ya karɓar walda, kuma an daina yin irinsa tun ba a haihe ku ba." Ya juyo gare ni. "Ɗana, ina katakon?"

Na sunkuyar da kai. Baffa ya ce haka Allah ya ƙaddara, daga nan ya nufi kasuwa. Wakensa dai ya yi kuɗi.

Can muka bar injin, don babu dalilin sake wahalar da shi. Muka juyo har Maraɗi. A bakin tashar motocin Agadas, hanyar Aljeriya, ƙanena ya ce a tsaya. Ya sauka ya ba ni hannu, ya ce, "Yaya, ka ba Inna haƙuri." Ban iya riƙe shi ba, da wane bakin?

Gab da magariba muka shiga Gidan Sori. Inna na tsaye a zaure tana kallon masu saukowa ɗaya bayan ɗaya. Da direba ya rufe ƙofa ta juya ta shiga gida.

Tafiyar nan ta koya mini cewa wake ba ya riƙe ƙarfe, wannan ko jaki ya sani. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kunyar da na ji ta minti ɗaya a gaban baffa, ita ta raba uwa da ɗanta. Inna na ta cewa ƙaddara ce, ba laifin kowa ba. Har yau na kasa gaya mata cewa ni na san yadda ake aza inji.