Malamar da Ta Fara Sha

Ina cikin kasuwar garin Salima aka kira ni a waya: kwalara ta ɗauke aminiyata Tiyanjane da asuba. Na zauna a kan buhun busasshen kifi, kukan ma ya ƙi zuwa.

A gabana ga wata budurwa siririya, alli ya ɓata gefen zanenta, katin kwalejin horon malamai na rataye a wuyanta. Ta jera yaran da take koyarwa gaban teburin masu rigakafin kwalara, kowa ya toshe baki da hannu. Sai ta karɓi 'yar kwalbar maganin ta shanye, tana yamutsa fuska da gangan.

"Kai, matsorata! Miyar gwaggona ta fi wannan muni. Na gaba!"

Yara suna dariya, suna buɗe baki.

Ina jin a kwaleji wani ya zaunar da ita, ya yi mata bayani har ta gamsu. Tiyanjane shekara ashirin tana koyarwa, ba wanda ya taɓa zaunar da ita.

Makon jiya, kafin in taho Salima, na roƙe ta, na ce, "Ki sha rigakafin nan, 'yar'uwa."

Ta ce, "Abin da ban gane ba, ba na ba 'ya'yan mutane, balle in sha. Sai kin dawo."