Kirarin da Mama Asake Ta Hana Ni

Kafin gari ya waye Mama Asake takan fito tsakar gida da tsintsiya, ta bi ɗakunanmu ƙofa ƙofa tana yi wa kowa kirarin kakanninsa. Matar yayan babanmu ce. Tun tana amarya ta haddace kirarin gidanmu a nan Iseyin, da tsofaffi suka ƙare kuma ba wanda ya riƙe shi sai ita.

A ƙofata ba ta tsayawa. "Akanmu, ka tashi lafiya?" Shi ke nan, ta wuce. Lokacin na riga na zauna kan saƙa. Amma a ƙofar ƙanena Gbolahan, wanda hantsi ke tararwa a kan tabarma, sai ta ajiye tsintsiya ta gyara murya: jikan mai kashe giwa, ɗan wanda ya ciyar da gari a shekarar yunwa. Ba ta dainawa sai ya fito yana miƙa, yana murmushi.

Ni na sake mata kwanon ɗaki da ya yi yoyo. Ni na saƙa zanen da take zuwa biki da shi. Daɗin baki bai taɓa cika mini ciki ba, aiki na sani. Duk da haka in ta fara, zare sai ya tsinke a hannuna.

Wata rana haƙurina ya ƙare. "Mama, ni tsinto ni aka yi? Mai kashe giwar nan ba kakana ba ne?"

Ta yi dariya. "Kishi da furfura, ɗana? Katangar da ta karkata ake tokarewa. In ban kira masa kakanni ba, ragon nan ba zai tashi ba."

"To gobe ni ma zan kwanta har azahar."

"Ba za ka iya ba," in ji ta. Gaskiyarta, ban iya ba.

Da ƙafafunta suka gaza, 'yarta ta zo ɗaukarta zuwa Ibadan. Na ɗaure kayanta, na goya ta har mota, na tsaya jikin taga ina jira. Ta kama hannuna ta matse, ta buɗe baki. Sai ga Gbolahan ya taho da takalmin da ta manta. Ta saki hannuna ta ɗaga murya, "Jikan mai kashe giwa," mota na tafiya tana yi masa kirari.