Mama Kezia, Mai Duba Ƙafar 'Yan Tsaki

Kafin masu koko su sauke tukunya a unguwar Gwadabawa ta Jimeta, Mama Kezia ta riga ta shiga akurkinta. Ba ta fara zuba abinci. Tsugunawa take yi ta ɗauki 'yan tsaki ɗaya bayan ɗaya, ta duba ido, ta buɗe fiffike, ta shafa cibiya, ta juya gindi ko kashi ya toshe, sannan ta ajiye ta kalli tafiya. Wanda ya yi ɗingishi, kwalinsa daban. In ta gama da nata sai ta tari Keke ta bi gidajen waɗanda suka sayi 'yan tsaki a hannunta, musamman sababbin shiga. Ba wanda ya sa ta. Mijinta Ephraim ya sha cewa da kaji na kaɗa ƙuri'a, da tuni matarsa ta zama kansila.

Bana gwiwa ta ce ta gaji, Mama Kezia ta daina zagaye. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don mu mutanen Jimeta mun iya yabon mutum bayan an binne shi, kuma wannan hali yana ba ni haushi.

Na san ta a shekarar da rikici ya koro mutanen arewacin jihar nan zuwa Yola. Gidan goggona a unguwar Yolde Pate ya cika maƙil da mata da yara. Cikinsu akwai Khadijah, wadda ta baro gida da gona, ba ta kuma sake jin ɗuriyar mijinta ba. Wata ƙungiya ta sayi 'yan tsakin gidan gona wurin Mama Kezia ta raba wa matan, kowa da kwalinta. Ga Khadijah, kwalin nan shi ne abu na farko da ta kira nata tun da ta gudo, kuma da shi take fatan daina bin layin rabon abinci.

Tsakar gida ɗaya ce, 'yan tsaki kuma duk kamarsu ɗaya. Sai matan suka yi yadda ake yi a ƙauye: kowa ta ɗaura wa nata zare a ƙafa don shaida. Sauran sun ɗaura sako-sako. Khadijah kuwa, da yake ta san zafin rashi, ta ja jan zarenta tamau ta ƙulle. Ba ta san cewa kajin gidan gona ba irin na gida ba ne. Su girma suke yi kamar ana hura su.

Ranar da Mama Kezia ta biyo sawun kajinta, ta tarar na Khadijah kwance a ɓuntun shinkafa, ba ci ba sha. Khadijah na zaune ta juya musu baya.

"Mama, ɗauke su ki ba wani," in ji ta. "Duk abin da na riƙe, tafiya yake yi. Ni ba na kiwon komai kuma."

Mama Kezia ba ta yi mata wa'azi ba. Ta ɗaga guda, ta duba ido lafiya, cibiya lafiya, ta zo ƙafa ta tsaya. Zaren ya nutse cikin nama, ƙafar ta kumbura har ba a ganinsa sai an tale fata.

"Ba ciwo ba ne, 'yata, zare ne. Kawo sabon reza da ruwan ɗumi, sa gishiri kaɗan."

Aka kawo. Sai ta miƙa wa Khadijah rezar.

"A'a, Mama. Zan yanke masa ƙafa."

"Ni zan riƙe ƙafa, ke ki yanke zare. Gobe ba na nan, wa zai duba miki? Naki ne."

Ina tsaye ina kallo, kuma wallahi na ji tausayi ya kama ni. Khadijah ta yanke na farko tana hawaye. Suka wanke wurin, suka shafa man kaɗe, suka ajiye shi kusa da kaskon garwashi. Can sai ya miƙe, ya ɗingisa zuwa wurin ruwa ya tsoma baki. Khadijah ba ta jira an ce mata ba, ta kai hannu ta ɗauko na biyu.

Ba duka suka rayu ba, kuma ɗaya ya tashi da gurguwar ƙafa. Amma yawancinsu sun kai kasuwa. Mama Kezia ta koya wa matan ɗiga shuni a fiffike maimakon zare, ta kuma riƙa dawowa har sai da hannun Khadijah ya iya duban safe shi kaɗai.

Ke ce uwar marasa uwa, Mama Kezia, don ɗan tsakon kwali bai san ɗumin kaza ba sai na tafin hannunki. Ke ce ba ki taɓa tambayar mace coci take zuwa ko masallaci ba kafin ki tsuguna a akurkinta. Kina da faɗa, wannan kowa ya sani, wanda ya bar kwanon ruwa da datti zai sha surutu har maƙwabta su ji. Mun yafe miki.

Yau Khadijah na da akurkinta a Yolde Pate, yaranta na makaranta, kuma sababbin masu kiwo wurinta suke zuwa. Da na gaya mata Mama ta daina fita, sai ta ce, "To ni zan riƙa zuwa in duba mata nata. Ranar nan ba kaji kawai ta kwance ba."

Mun gode, Mama Kezia. Allah ya sassauta miki gwiwa, ya ba ki tsawon rai. Ku kuma masu sana'a, in kun sayar wa sabon shiga abu mai rai, ku bi shi gida ku duba. Wataƙila mai shi na zaune ta juya baya, tana jiran wanda zai riƙe mata ƙafa ta yanke zaren.