Ƙarshen Littafin Malam

Duk wanda ya san maigidana, Malam Sabo, ya san aljihunsa na dama ba ya rabuwa da littafin nan mai jan bango, a naɗe cikin ledar taki. Jikata Hafsatu ce ke rubuta mini wannan, don ni ko alif ban sani ba. In ta ga na yi shiru, hawaye nake sharewa.

Littafin labarin wani dodo ne da ke zaune cikin ruwan ban gona, yana jan manoma. Malam ya karanta mini shi ya fi a ƙirga, amma fa da rana tsaka kawai. In na ce ya bari sai bayan magariba, sai ya ce, "Ke, ba tsoro nake ji ba, idona nake tattali."

Wata rana na kai masa abinci gonarmu ta shinkafa a Kura. Muna zaune bakin kanal ɗin ban ruwa yana karanta mini littafin, ya zo daidai inda hannun dodo ke fitowa daga ruwa, sai wani ƙaton kwaɗo ya yi tsalle, tsulum! Wallahi ban ga tashin Malam ba. Sai ganinsa na yi tsamo-tsamo cikin taɓo, hannu ɗaya a sama riƙe da littafi.

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Zurfin ruwan na shiga dubawa."

Ana nan sai ɗanmu Isa ya zo daga Kano da albishir wai an yi fim ɗin littafin, ga shi a wayarsa. Malam ya sa wankakkiyar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya jingina wayar da buta, ya ce, "Matso kusa da ni, kada ki suma."

Da farko aka nuno manoma suna dashen shinkafa cikin farar shadda mai sitaci. Malam ya ce, "La ilaha! Waɗannan ko albasa ba su taɓa shayarwa ba." Can sai ga dodo. Ashe wani siririn mutum ne aka shafa wa baƙin tukunya, ya fito daga ruwa a bushe ƙayau, har da agogo a hannu! Na yi dariya har na riƙe ciki.

Malam ya ce, "Isa, wannan dodon ai ko kwaɗon gonata ya fi shi kwarjini."

Na ce, "Kai ne shaida."

Amma ƙarshen ne ya tayar masa da hankali. A fim, matar manomin da dodo ya ja ta shiga ruwa ceton mijinta, dodo ya tafi da ita. Ni kuwa yadda na sani, ta fito da mijinta lafiya, suka tsufa tare. Malam ya kife wayar ya ce, "Ƙarya ne! Sun ɓata littafi. Ba ta mutu ba." Har ya bar duniya ba a ƙara kunna fim ɗin a gidanmu ba.

Bayan na fita takaba, kewar muryarsa ta hana ni sakat. Na ɗauko littafin na ba Hafsatu ta karanta mini. Da ta zo shafin ƙarshe sai ta tsaya.

Na ce, "Ci gaba mana, yanzu za ta fito da shi."

Ta ce, "Iya, a nan ma fa ta mutu."

Sai a lokacin na tuna. Karatun farko, ina amarya, da matar ta shiga ruwa na fashe da kuka na ce ya rufe littafin. Ya dube ni, ya lashi yatsa, ya juya shafi, ya ce, "Kwantar da hankalinki, ga ta nan ta fito." Ashe tun ranar daga kansa yake karanto mini ƙarshen, bai taɓa tuntuɓe ba. Har masu fim ya ƙaryata saboda ni.

Na ce wa Hafsatu ta mayar da shi cikin ledarsa. Ni na Malam na sani.

Ya Allah, bawanka matsoraci ne, kwaɗo ma firgita shi yake. Ka haskaka kabarinsa kamar rana tsaka, Ka sa kada ya ga abin tsoro, Ka haɗa mu a Aljanna. Amin.